Ranar da Dije Ta Ƙirga Maruƙan Kakanta

Na daɗe ina riƙe da ajin raino a wata firamare ta gefen Tsiga, amma ranar da har gobe ba ta fita raina ita ce Litinin ɗin da Alhaji Gide ya shigo mana makaranta, sanda a kafaɗa, littafin maruƙa a hannu. Ku sababbin malamai ku saurara, don irinta za ta same ku, ko da ba a kan maraƙi ba.

Ajin raino, ga wanda bai sani ba, shi ne na 'yan shekara uku zuwa biyar, kafin su shiga aji ɗaya. Rabin aikin sharce majina ne da rabon faɗa, sauran kuma waƙa da ƙirga. A waccan shekarar aka kawo mana littattafan hotuna, kuma wanda yara suka fi so shi ne na maruƙa goma da za su tsallaka rafi. Kowane shafi maraƙi ɗaya ya tsallaka, yara su ɗora yatsa su ƙirga, har a zo kan autansu, wani ɗan ja mai rawar ƙafa da ke tsoron ruwa. A shafin ƙarshe sai ya runtse ido ya faɗa, ya fito a ɗaya gaɓar, aji ya ɗauki tafi.

Alhaji Gide shi ne babban rugar da ke bayan gari. Hedimastanmu, Malam Sabi'u, sai da ya yi ta zarya kafin tsohon ya yarda ya ba mu yaran rugar, kuma kowa ya san in ya janye ɗaya, duka sun tafi ke nan. A cikinsu akwai jikarsa Dije, 'yar shekara huɗu, wadda ta yi makonni ba ta ce mini ko uffan ba, kullum tana maƙale a bayan ƙofa. Littafin nan ne ya buɗe mata baki. Ranar da ta ƙirga har goma da kanta, daɗi ya kama ni, na ce ta tafi da shi gida ta dawo da shi Litinin.

Asabar da safe ana tatsa, sai Dije ta je inda aka ɗaure maruƙan kakanta a jere. Ta miƙe yatsa yadda na koya mata, ta ɗaga murya yadda na koya mata, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. An ce kakarta saura kaɗan ta saki ƙwaryar nono. A wurinsu ba a ƙirga shanu a fili, balle da nuni da yatsa, don gudun kambun baka. Kashegari kuwa wani maraƙi ya kama zawo, ya ƙi shan nono.

Malam Sabi'u ne ya fara hango tsohon ta taga. Nan take ya tuna yana da taron gaggawa a Bakori. Babur ɗinsa da kullum sai yara sun tura, ran nan bugu ɗaya ya tashi. Ya bar ni da ajin raino da Alhaji Gide, ya bar hularsa a kan tebur.

Gaskiya na ji tsoro. Na gaishe shi, na ba shi kujerata. Ya zauna, ya ajiye littafin a gefe da yatsa biyu.

"Malama," ya ce, "karatu na kawo ta, ko kuwa ki koya mata cinye mini dabbobi da baki?"

Ya ce ga kayanmu ya dawo da shi, in tattaro masa yaransa. Ban yi gigin ce masa babu wani kambun baka ba. Mahaifiyata ma har ta rasu, in an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce akwai dai na albarka. Haƙuri na ba shi, na roƙe shi tunda ya taso, ya duba abin da ke ciki kafin ya yanke hukunci.

Ya buɗe yana yamutsa fuska. Ya ce wanda ya zana wannan bai taɓa kiwo ba. Ina uwayensu? Wane marar hankali ne zai saki maruƙa a bakin rafi, ga alama ma damina ce? Yana faɗa yana juya shafi. Da ya zo kan wani fari mai ƙiba, bai san sanda "tubarkalla" ta kuɓuce masa ba. Can ya tsaya a kan ɗan jan, ya tambaye ni shi wannan da aka bari a baya, yaya ya ƙare. Na ce Dije ce ta fi ni sanin labarin.

Dije tana bayan ƙofa tun shigowarsa, don ta sha faɗa ranar Lahadi. Na kira ta ban sa rai ba. Ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa, sannan ta taho a hankali har gaban gwiwarsa. Ta mayar da littafin shafin farko, ta ɗaga yatsa. Caraf ya riƙe mata hannu.

"Baba Alhaji, ai maruƙan takarda ne," na ce.

"Ko na takarda ne, suna da mai su."

Dije ta kalli kakanta, ta kalli farin maraƙin da ya yaba ɗazu, ta naɗe yatsan, ta shafa hoton da tafin hannu. Ta ce, "Ɗaya, tubarkalla."

Na ga tsohon yana neman aibu a maganar bai samu ba. Ya sake mata hannu. Biyu, tubarkalla. Uku, tubarkalla. Kafin a kai biyar duk aji ya kama. Da aka zo kan auta, Alhaji Gide ya sunkuya har gemunsa na taɓa takarda, yana ce wa hoton ya shiga mana, ruwan ko gwiwa bai kai ba. Dije ta juya shafi, ɗan ja ya fito a gaɓa. Wallahi shi ya riga yara tafi, sannan ya tuna matsayinsa ya yi gyaran murya.

Sharaɗi biyu ya kafa mini: a makaranta a ƙirga da tubarkalla, a ruga kuma kada ya ji ko ɗaya. Ya tafi ya bar yaransa. Malam Sabi'u ya dawo bayan an tashi tara, ya leƙo da kai kawai ya tambaya ko tsohon ya tafi. Da na ce e, sai ya shigo yana cewa da ya same shi da ya yi masa bayani sosai. Maraƙin ma ya warke. Malamin dabbobi ya ce tsutsar ciki ce, Alhaji ya ce tubarkallar da aka biya ce, ni dai ban shiga tsakaninsu ba.

Wanda ya sha wahala shi ne malamin aji ɗaya na shekarar da ta biyo. Ya zo yana ƙorafi wai ya tambayi biyu a tara da biyu, an ce masa huɗu, tubarkalla, kuma ya rasa yadda zai hana yaro ambaton Allah.

Abin da na koya shi ne, duk abin da kika sa a bakin ɗan ajin raino, da yamma a tsakar gidansu zai sauke shi, gaban mutanen da ba su zo darasinki ba. Ki san gidan kafin ki buɗe littafin.

Farkon sabuwar shekara sai ga Alhaji Gide da kansa, da ayarin ƙananan yara a bayansa, wasu har daga rugagen maƙwabta. Murna ta sa na manta, na ɗaga yatsa bisa kawunansu na ce, "Ɗaya..." Tsohon ya kalle ni. Dije, da ta rako ƙannenta, ta ja mini gefen hijabi.

"Malama," ta ce a hankali, "ba ki faɗa ba."

Na naɗe yatsana, na faɗa.