Kututturen Malberi na Inna Kulsumu

Duk wanda ya san unguwarmu a Tiga ya san Inna Kulsumu da jajayen awakinta. Shekara ashirin muna maƙwabtaka, katanga ɗaya ta raba mu, kuma har yau ban ga mace mai taurin kai a kan akuya kamarta ba. Tana 'yar shekara tara ruwan dam ya tashe su daga ƙauyensu. Manya na ta ɗaure tabarmi da tukwane, ita kuwa ta rungumi 'yar akuyar da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata, ta hau mota. Awakin gidanta duk zuriyar wannan akuya ne. Takan sayar da bunsuru, amma mace, ko kusa.

Shekara uku da suka wuce ciwo ya shiga garken, ya bar mata guda ɗaya tak, tsohuwa mai ciki. In ta mutu ba ta bar 'ya ba, shi ke nan, iri ya ƙare.

A tsakar gidan akwai bishiyar malberi da marigayi maigidanta ya dasa. 'Ya'yan bishiyar na ɓata shanya da baƙin ruwa, tsuntsaye na ƙarasa ɓarnar. Ranar da Inna ta tafi biki Kiru, sai ɗanta Ghali ya kawo gatari ya sare ta daidai gwiwa, wai shi mai gyara. Ni kam na ji haushinsa ƙwarai. Inna ta dawo, ta tsaya kan kututturen ta ce, "Ghali, inuwar ubanka ka sare? Allah Ya shirye ka."

Tana faɗa, idonta na kan akuyar. Tsohuwar da ke ƙin dusa ta kafa kai cikin rassan da aka sare, ta tsince ganyen tas. Tun daga ranar, ruwan alwala da na ɗauraya duk a gindin kututturen suke ƙarewa. Na yi mata tsiya na ce, "Inna, mataccen icce kike ba ruwa?" Ta ce, "Ke dai Bahijja, zuba ido."

Kafin bazara ta kankama kututturen ya fesar da rassa sama da ashirin, ganye kamar tafin hannu, duk inda hannunta ke kaiwa. A lokacin harawa ta ƙare a gari, awakinmu na cin leda a bola. Akuyar ta haifi mace, 'yar firit, ga hantsa a bushe. Inna ta riƙa yanko reshe biyu safe da yamma, ta bar su su ɗan sha iska, ta ba uwar. Malamin dabbobi da ya zo ya murza ganyen, ya ce ya fi harawa gina jiki, ba ya wahalar narkewa, kuma yana kawo nono. Inna ta ce, "To malam, ai akuyar ta riga ka faɗa."

A kwana na shida da haihuwar, Inna ta ƙwala mini kira ta kan katanga. Na shiga da gudu, na ɗauka an rasa 'yar. Sai na tarar da ita tsaye kan ƙafafunta tana tunkuɗar hantsa, kumfar nono har haɓa. Inna na zaune a ƙasa tana hawaye. Ta ce, "Bahijja, ɗakinmu na ƙarƙashin ruwa, kabarin uwata ma haka. Abin da na fito da shi ke nan. Kin ga ta tashi."