Dariyar da Aka Yi wa Bakin Yaya Sale

Shekara tara ke nan da muka kai yayana Sale makwancinsa a Ƙarfi, ana tsakiyar yankan dawa. Mutane na ce mini daɗewa tana sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta sanyaya ba, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba.

Gidanmu gidan wasa ne. Kakanmu ɗan kama ne, yana bin kasuwanni daga Bakori har Gozaki da takobin katako da rawanin tsumma, ya ba manoma dariya su ba shi hatsi. Babanmu wasan rediyo ya yi. Ni kaɗai na fanɗare na riƙe fartanya, don ko kukan akuya ban iya kwaikwaya ba. Yaya Sale ne ya kwashe gadon kaf. Bai taɓa fitowa jarumi a fim ba. Kullum shi ne ɗan baranda mai danne tiya da babban yatsa, ko maƙwabci mai cin iyakar gona. Ya iya mugunta har wata tsohuwa ta taɓa kai masa duka da muciya a kasuwar Funtua. Ya dawo gida baki har kunne, wai ya karɓo lambar yabo.

Amma akwai dokar da Kaka ya kafa mana. Abin da mutum ya yi da hannunsa, ka kwaikwaye shi har ya rasa inda zai sa kansa. Abin da Allah Ya yi masa kuwa, ba ruwanka. Yaya ya yi ta wasa har furfura, bai taɓa kwaikwayon gurgu ko mai in'ina ba.

Akwai wani da ya koyi sana'a a hannunsa, ya ci tuwon gidanmu ya ƙoshi, yanzu ana ce masa Darakta. Da hawan jini ya shanye wa Yaya ɓarin jiki, bakinsa ya karkace, sai ga Darakta da kyamara. Ya durƙusa gaban tabarma, ya langaɓe kai, yana murza hannuwa kamar yadda ya saba, yana cewa, "Don Allah nake yi, Yaya. Masoya ne ke son su gan ka su yi maka addu'a." Ya sa shi maimaita tsofaffin maganganunsa na ɗan baranda, harshe na sarƙewa, yawu na zuba.

Damina ba ta wuce ba sai ga hoton a cikin fim ɗin barkwanci, an ɗora masa sautin shewa. A wayar wani maƙwabci Yaya ya gani, ya gyara zama yana zaton saƙon masoya ne. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya juya fuskarsa bango. Daga ranar bai ƙara yarda baƙo ya ji muryarsa ba har ya rasu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Samari na ta tura wa juna wannan hoton suna ƙyaƙyata, ba su ma san mai bakin ya taɓa cika fili da mutane ba.

Bana kuma Darakta ya shirya taron tunawa da shi a Funtua, har da aiko mana gayyata. Na rantse ba zan taka ba. Habibu, babban ɗan Yaya, wanda shi ma sana'ar yake yi, ya ce, "Baffa, zuwa kam za mu yi. Na roƙa a ba ni fili in yi wasan gado."

Ranar taron sai ga mu a wurin. Habibu ya fito da kwalin sabulu a kafaɗa a matsayin kyamara. Ya shimfiɗa tabarma, ba kowa a kanta. Ya durƙusa, ya langaɓe kai, ya murza hannuwa: "Don Allah nake yi, Yaya." Aka kwashe da dariya. Ya matso da kwalin dab da inda bakin mara lafiya zai kasance, ya ce, "Ƙara faɗa, bai karkace sosai ba." Sai idanu suka koma kujerar gaba, inda Darakta ya haɗa gumi cikin babbar riga.

Yanzu ko ta tashar Malumfashi Darakta ya wuce, 'yan acaɓa murza masa hannuwa suke yi. Ya turo dattawa wai a yafe. Na ba su ruwa, na raka su ƙofa. Ni ban yafe ba, wanda ke da haƙƙin kuma yana ƙasa.

Finafinan Yaya sun ɓace a kasuwa, takobin Kaka ma gara ta cinye. Abu ɗaya na ga ya saura. Darakta da ɗingishi aka haife shi, kowa a wurin ya sani, kuma da Habibu ya ja ƙafa sau ɗaya da an faɗi ƙasa don dariya. Ɗan Sale ya shigo fili a miƙe, ya tsiraita mutumin, ya fita a miƙe.