Ninkin Ganyen Ayaba

Duk wanda ya bi hanyar Sattur, garinmu na kudancin Indiya, da sassafe ya san Anbammal, ko bai san sunanta ba. Ita ce doguwar tsohuwar nan mai farin sari da ke tsayawa a ƙofar gidan marayu na bayan coci, tana faɗa da mai kawo madara wai ya tsuga mata ruwa a ciki. Faɗa kam ta iya shi, kuma sau da yawa ita ce da gaskiya.

A gidan nan ta tashi. Wata goggonta ce ta kawo ta a shekarar fari, ta ce za ta dawo, har yau shiru. Wata Baturiya a ƙasar sanyi ta ɗauki nauyinta. Kowane dare Anbammal sai ta durƙusa ta yi wa matar addu'a da sunan da harshenta bai taɓa iya faɗa daidai ba, kowace Kirsimeti kuma a taje mata kai, a ɗau hotonta a aika. Da ta girma ta auri Devasahayam, malamin da ke kula da yaran, suka riƙe gidan tare. Da ya rasu ta ɗaura ɗamara ta ci gaba ita kaɗai.

Sai duniya ta juya. Tsofaffin da ke aiko da taimako daga waje suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yansu kuma ba ruwansu da wani ƙauye da ba su taɓa gani ba. Abin da ya rage mata shi ne al'adar mutanenmu: mai bikin ranar haihuwa, ko mai tunawa da mamacinsa, ya ɗauki nauyin abincin yini guda. A rubuta sunansa a allo, ya zo ya zuba wa yara da hannunsa, babbar yarinya ta miƙe ta yi godiya, a yi masa addu'a. Ranar da allo ya kwana ba suna, kunun shinkafa da gishiri ake sha. A shekarar da nake ba ku labari, irin waɗannan ranakun sun fi yawa, har ƙananan yara suka fara fitar da ƙuraje a gefen baki.

Babbar yarinya a lokacin Kiruba ce. An kawo ta tana ƙarama, bayan gobarar da ta tashi a wata masana'antar kayan wasan wuta ta ci mata da yawa, har da uwarta, Ponnuthai. Yarinyar ta yi watanni ba ta magana. A ɗakin Anbammal take kwana, riƙe da bakin sarinta. Baƙi kuwa, Allah ya shirye mu, suna son labarin ban tausayi kafin su buɗe hannu, amma Anbammal ba ta taɓa bari an nuna Kiruba da yatsa ba. Ba ta haihu ba, kuma kowa ya san duk cikin yaran nan wannan ce ta shiga ranta.

Wata ranar Talata sabon fasto, Jebakumar, ya shigo da babur ɗinsa baki har kunne. Amma yake kiran Anbammal kamar kowa, wato mama a harshenmu.

"Amma, Ubangiji ya ji kukanmu! An samu mai ɗaukar abincin rana na shekara guda cur."

"Kai da ko kuɗin gyaran famfo ba ka iya roƙo, a ina ka tsinto wannan?"

"Ayya Sundaralingam ne. Zai cika shekara sittin, yana so ya fara da ranar bikin."

Anbammal ta ajiye faifan da take tsince shinkafa a kai. Sundaralingam, wanda ake kira Ayya, wato maigida a harshenmu, shi ne mai masana'antar da ta ƙone. An ce ya cusa ma'aikata a rumfa fiye da ƙima don ya cika odar bikin Diwali da ake wasan wuta a cikinsa. An yi ta shari'a har mutane suka gaji da zuwa kotu, shi kuwa ya sake wa kamfaninsa suna ya ci gaba da harkarsa.

"Fasto, ka san ko wa ke miƙewa ta yi godiya a gidan nan?"

"Na sani, Amma. A tura ta wani wuri ranar mana."

"A tura ta ina? Akuya ce?"

Gaba kura, baya siyaki. Ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta kira Kiruba bakin rijiya ta faɗa mata komai, ba ta rage ko kalma ba. Yarinyar ta daɗe tana kallon guga.

"Kin karɓa, Amma?"

"Kin ga bakin ƙannenki. In kina so, wata ta yi godiyar."

"A'a, ni zan yi. Aikina ne."

Ranar bikin aka zo da manyan tukwane a bayan mota, ƙamshi ya cika unguwa: shinkafa, miyar wake, soyayyen kabeji, kaza, har da payasam, wani kunu mai madara da sukari. Yara suka zauna a ƙasa layi-layi, kowa da ganyen ayabarsa a gaba a madadin faranti. Sundaralingam ya zo cikin fararen kaya, matarsa na biye. Kada in yi masa ƙarya, ba shi da girman kai a fuska. Ya sunkuya yana zuba wa kowa, yana tsokanar ƙanana. Da ya iso kan Kiruba sai ya tsaya.

"Kai, wannan ai ta isa aure! 'Yar wace ce ke?"

"'Yar Ponnuthai ce, Ayya. Ta rumfar haɗa albarushi."

"Madalla, madalla. Ci ki ƙoshi," in ji shi, ya wuce gaba. Sunan bai tuna masa komai ba. Wannan ya fi zagi ciwo, kuma Anbammal da ke tsaye jikin ginshiƙi ta ji shi har cikin ƙashinta.

Kiruba ta yi godiyar kamar yadda aka koya mata, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Ta zauna ta cinye abincinta tas. Da ta gama sai ta kama gefen ganyen da ke kusa da ita, ta ninke shi waje, nesa da jikinta.

To, a wurinmu ko yaron goye ya san wannan. In ka ci ka ji daɗi, sai ka ninko ganyen wajenka, ma'ana na gode, Allah ya maimaita. Ninkin waje kuwa na gidan makoki ne, ma'ana kada Allah ya sake haɗa mu a kan irin wannan. 'Yan matan da ke gefenta suka ga abin da yayarsu ta yi, suka bi sahu, har ƙarshen layi. Matar Sundaralingam ta dafe ƙirji.

"A ranar haihuwarsa? Mutuwa kuke masa fata?"

Shi bai ɗaga murya ba. Ya ɗauko sabon ganye ya shimfiɗa, ya dubi Anbammal.

"Yara ba su da hankali, Amma, ba na riƙe su. Ke ce uwar gida. Zauna ki ci, ni zan zuba miki."

Ta zauna. Ta san ba abinci aka zuba mata ba, tambaya ce. Ta kai loma biyu da ƙyar, ta ji kamar yashi take taunawa. Daga hagu Kiruba ta kafa mata ido. Daga dama ƙananan nan ne, suna lasar yatsu, wasu ba su taɓa ganin kaza biyu a ganye ɗaya ba. Ta kama ganyen, ta ninko shi wajenta.

"Mun gode, Ayya. Ubangiji ya ƙara maka shekaru."

In baki ya ci, ido ya ji kunya. Abinci ya zo shekarar nan kullum, bai taɓa fashi ba, ƙurajen yara suka baje, kumatu suka fito. Ni dai ba zan ce ta yi kuskure ba, kuma duk mai cewa ta yi, ya zo ya riƙe gidan marayu wata guda mu gani.

Kiruba ba ta yi rigima ba. Washegari ta naɗe tabarmarta ta koma ɗakin 'yan mata. Tana aikinta, tana gaisuwa, tana zuwa makaranta. Sau ɗaya Anbammal, tana hawaye, ta tare ta a madafa.

"'Yata, ki fahimce ni. Yunwa ce..."

"Ai ban ce kin yi laifi ba, Amma. Ni ma ina ci."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa kenan a kan maganar.

Yanzu Kiruba ma'aikaciyar jinya ce a birnin Madurai. Kowace shekara, ranar da aka yi gobarar, ita ke ɗaukar nauyin abincin gidan don tunawa da uwarta, kuma ba ta yin rowa, har da payasam. Al'ada ta ce mai abinci ya zo ya zuba da hannunsa, don haka Anbammal kan hana a buɗe tukwane, ta fita bakin titi tana leƙen kowace bas da ta taso daga Madurai. Sai yara sun fara kuka Anbammal take dawowa ita kaɗai, ta ɗauki ludayi ta zuba musu da kanta. Bana gwiwarta ta hana ta tsayuwa, sai ta sa aka kai mata kujera bakin titin.