Layin da Malam Haruna Ya Bar Mini a Kwamfuta

Shekara bakwai ke nan cur da muka raka Malam Haruna makwancinsa. Na so bana ma ta wuce shiru kamar sauran, in yi masa addu'a in koma kan buhunan hatsina a Rafin Guza. Gwiwa ta gaji, ido ya gaji, alƙalami kuma dama ba abokina ba ne. A aji huɗu na yi sallama da boko, bokon kuma bai biyo ni yana kuka ba. Sai dai ashe mutumin nan ya bar mini aiki, ban sani ba sai watan jiya.

Ga wanda bai san shi ba, malamin lissafi ne, tare muka taso. Shi ya riƙe alli, ni na riƙe mudu. Yana kirana Farfesan Gero, ina kiransa Sarkin Sifiri. Da ya yi ritaya ya zauna a gidansa na Unguwar Rimi, maimakon ya sayi awaki kamar masu hankali, sai ya sayi kwamfuta ya kama kallon jadawalin farashi, sandunan nan ja da kore masu hawa da sauka. Saye da sayarwar ma bai dame shi ba. Abin da ya ci masa rai shi ne wata fomula, wato umarnin da ake rubuta wa na'ura. Yana so ya ce mata: ga farashin yau, koma baya cikin jerin kwanakin da suka shige, ki nemo mini ranar ƙarshe da aka yi irinsa. Wai in ya ga abin da ya biyo bayan waccan rana, zai ɗan hango gobe. Na ce masa wannan ai duba ne, sai dai bokan ya sa tabarau.

Duk Asabar da hantsi nakan je mu sha shayi. Wata Asabar na tarar da shi baki har kunne, fomula ta yi aiki. Kowace rana ka ba ta, nan take ta kawo mai kama da ita. Sai da ya kwana uku yana taƙama kafin ya gane daga yau take fara nema. Ta duba yau, ta ga daidai take da yau, ta ce ga shi. An aike ta neman mai kama da Haruna, ta dawo riƙe da hannun Haruna. Na yi dariya har na ƙware. Ya gyara, ta koma farawa daga jiya, daga nan kuma ta daina samun komai. Babu, babu, babu. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Watan jiya autarsa Zainabu, wadda yanzu irin wannan aikin take yi, ta zo rumfata rungume da tsohuwar kwamfutar. Ta nuna mini wani gurbi a tsakiyar fomular, inda uban ya rubuta da Hausa: "A nan a sa abin da Farfesan Gero ya ce."

"Baba, me ka ce masa?"

"'Yar nan, na faɗa wa ubanki magana dubu, rabinsu zagi ne. Wacce kike so?"

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ina iya rubuta tawa kafin azahar. Tasa nake so in ga ta tashi, ko sau ɗaya. Kai kaɗai ka rage da ya san abin da yake nufi."

Mako biyu ina tono. Ni da nake manta inda na ajiye hula tana kaina, an ce in nemo magana ɗaya cikin Asabar ɗin shekaru. Na koma irin fomularsa ta farko, duk inda na waiwaya yau nake gani. Na tsorata fa. Ba mutuwa nake tsoro ba, sai dai in tafi da abin yarinyar nan a cikina ban sani ba.

Wata mata ce ta cece ni. Na auna mata gero, ta ce awon bai kai na makon jiya ba. Na ce, "Hajiya, ba a taɓa auna mudu biyu suka zo daidai ƙwaya da ƙwaya ba. In bambancin bai wuce cikin tafin hannu ba, awo ɗaya ne." Sai na tsaya da mudu a hannu kamar wanda aka dasa. Abin da na gaya masa ke nan, ranar da yake ƙorafin na'ura ba ta samun komai. Har na tuna amsarsa: "Farfesa, lissafi bai san kusan ba. Daidai daidai ne." Ya kuwa kore ni da cokalin shayi.

Na bar rumfa a hannun maƙwabci na shiga keke mai ƙafa uku zuwa Unguwar Rimi. Zainabu ta ji, ta ce, "Wato kada a nemi daidai, a bar ɗan rata sama da ƙasa. To Baba, tafin hannu nawa ne a lissafi?" Na ce wannan kuma ku da kuka gama boko. Ta zaɓi 'yar rata da kanta, ta cike gurbin ta danna. Ranaku suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, a kan tsohon jadawalin ubanta. Ta rufe fuska da mayafi. Ni kuma na kama duban silin kamar mai neman inda yake yoyo.

Don in kore shirun, na ce ta jera farashin masara da na sani, ta nemo mini ranar da aka yi irin na yau. Babu. Ta ƙara ratar. Babu. Da Malam yana nan ya ga yadda kowane matashi a cikin keke yake kallon ja da kore a waya, ya kuma ga kasuwar da ba ta komawa inda ta fito, ban san ko dariya zai yi ko ya rufe kwamfutar ya je ya sayi awakin ba. Ya gina abin neman jiya, ga shi mun shigo zamanin da jiya ba ta da ɗan'uwa.

Me ya rage nasa? Ɗalibansa sun watsu, littattafansa gara ta fara ci. Fomular ba za ta nuna wa kowa gobe ba, ni na san haka, ina jin shi ma ya sani. Shekara bakwai ina neman mai kama da shi a majalisa da masallaci, na buɗe rata har cikin tafin hannu biyu, amsar ɗaya ce.

Zainabu ta tambaye ni ko ta goge bayanin nan na Hausa, tunda an cike gurbin. Na ce kul. Tun muna yara mutumin nan bai taɓa ce mini na yi gaskiya ba, ashe ya rubuta ya ɓoye. Ita ce kaɗai takardar shaidar da boko ya ba ni, kuma Sarkin Sifiri ne ya sa hannu. Allah ya haskaka kabarinka, Malam, ya yi maka awo da tozo.