Wayar da Na Ajiye a Akwatin Ƙarfe

Ni ne na ɗauke wayar. Gara in fara da wannan, domin kwana huɗu 'yata ta yi tana neman mai laifi, alhali yana zaune a kan tabarma yana shan kunu.

Autata ce. Ta gama karatu, tana zana taswirar gidaje a kwamfuta a nan gidanmu na Bakori, idan ta tashi aiki kuma sai ta yi wasan tseren mota. Bayan girbin masara ta sayo sabon allon kwamfuta a Funtuwa, a shagon wani ɗan Kudu, Kirista, haifaffen garin, wanda a wajen mahaifinsa na sayi rediyona na farko. Ta yi mini bayani cewa motsin da muke gani a allo hotuna ne ke wucewa da sauri. Tsohon allonta sittin yake nunawa a daƙiƙa ɗaya, wannan kuwa ɗari da arba'in da huɗu. Na ce madalla, ba don na gane ba.

Ranar da kwalin ya iso ta ajiye shi ta tafi barkar suna. Na buɗe in ga kaya. Sai ga wata waya mai kauri ta haɗa allo da kwamfuta, sabuwa fil a cikin leda. To mu a gidanmu ba a taɓa sabon hatsi sai na bara ya ƙare a rumbu, sabuwar fartanya ma tana rataye har tsohuwa ta cinye. Ga shi ina da wata tsohuwar waya a bayan talabijin, ta na'urar dish da ta mutu tun tuni. Na goge ta da tsumma har ta yi ƙyalli, na sa a kwalin. Sabuwar na kai ta akwatin ƙarfe, kusa da takardun gona. Ranar har yaba wa kaina na yi.

Ta haɗa komai, allo ya kama, motoci suka fito. Amma akwai wata 'yar lamba a kusurwar allon mai nuna yawan hotunan, ita kuwa ta tsaya a sittin cak. Auta ta shiga cikin wasan ta cire iyakar da yake sa wa kansa. Sittin. Ta duba saitin kwamfutar, babu ma zaɓin da ya wuce sittin. Ta sauke sabuwar manhaja, ta kashe ta kunna. Ta zargi wutar solarmu, har muka ari janaretan maƙwabci. Ni kuma ina daga bakin ƙofa ina ba da shawara.

"Auta, ko motar ce ke son juyen mai?"

"Baba, don Allah ka bari."

Wallahi a lokacin ban kawo wayar a raina ba. Sai rana ta huɗu da ta kira mai shagon, na ji yana tambaya ta cikin wayar hannu: "Wace waya kika sa masa?" Nan take na tuna da akwatin ƙarfe. Ta ce wadda ta samu a kwali, ita ma kamar ta hannu ce, kuma gobe za ta mayar masa da jabun kayansa a gaban mutane.

Nan ne babban kuskurena. Da na yi magana da shi ke nan. Sai kunya ta kama ni, na ce zan raka ta. Na zaro sabuwar wayar daga akwati na cusa a aljihun riga, muka shiga bas, tun daga Bakori har Funtuwa hannuna na kan aljihu kamar mai ciwon ciki.

Shagon cike yake. Ta dire kwalin ta faɗi abin da ta zo faɗa, ba ta rage ba. Mutumin ya ɗaga tsohuwar wayar ya juya ta.

"Hajiya, wannan ba wayata ba ce. Wannan ai ta girme ki. Ba za ta iya ɗaukar abin da ya wuce sittin ba."

"To wa ya canza ta in ba kai ba?"

Wasu mutum biyu da ke cinikin kwamfuta suka ajiye, suka fara kallon ƙofa. Na ga fuskarsa ta canza. A Funtuwa idan aka ce mutum yana sauya kaya a kwali, kafin la'asar maganar ta kai tasha. Sai na zaro ledar na ɗora a kan teburin shagon.

"Ni ne. Na ajiye ta ne sai tsohuwar ta ƙare."

Mai shagon ne ya fara dariya, har ya dafa bango.

"Baba Alhaji, iri za ka yi da ita baɗi?"

Shagon duka ya ɗauki dariya. Auta ta rufe fuska da mayafi, ban san kuka take ko dariya ba. Na ɗaga murya yadda na bakin ƙofa za su ji, na ce kayansa ba su da aibi, aibin nawa ne, ya yafe mini. Ita ma ta ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, amma da sharaɗi: sai na tuƙa.

Ya farke ledar a gabana, abin da ya ɗan sosa mini rai, ya haɗa allon da kwamfutar shagon. Ya taɓa saiti, lambar ta yi tsalle zuwa ɗari da arba'in da huɗu. Suka zaunar da ni. Jama'a, hanya ta riƙa zuwa sumul kamar ruwa a kan siminti. Na daki shinge, na daki wata jar mota, na juya na fuskanci inda na fito. Ina karkata jiki a kowace kwana har hulata ta faɗi. Mutanen nan biyu suka dawo, ɗaya yana cewa in taka birki, ɗaya yana cewa in ba ta wuta. Na zo na ƙarshe, na miƙe jiri na ɗibata, ina dariya kamar wanda aka yi wa cakulkuli. Kafin mu fita na ga sun koma kan cinikinsu.

Tsohuwar wayar kuwa mai shagon zai jefa ta a shara, na karɓe. Tana akwatin ƙarfe yanzu. Ai ba ta mutu ba.