Bitar Suga Ta Kwana Uku Da Yatsuna Biyu

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na sayar da Keke Napep ɗina ne, tunda ba a ganina a unguwar Dogo Tebo, ga abin da ya faru.

Da ƙishirwa abin ya fara. In sha ruwa leda uku, maƙogwarona a bushe. In ɗauki fasinja, kafin mu kai kasuwa na tsaya fitsari sau biyu. Wanduna suka yi mini yawa. Matata Falmata ce ta ga tururuwa sun taru a inda na yi fitsari, ta ce, "Baban Amina, gobe asibiti."

Aka soki yatsana, aka ɗiga jini a na'ura. Likita ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in rage zaƙi, ya kira na gaba.

Bayan wata biyu aka sa sunana a bitar da wata ƙungiya ta shirya, wai za a koya wa masu suga yadda za su kula da kansu. Na ajiye aiki kwana uku na je da murna.

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci.

Wani mai kwat ya tsaya gaban majigi yana zuba Turanci, mai fassara yana tsinto abin da ya iya. Hotunan abincin da aka nuna mana, ban taɓa ganin irinsu a kasuwar Potiskum ba. Wata tsohuwa daga Nangere ta ɗaga hannu, da Hausarta mai nauyi ta ce, "Ɗana, tuwon dawa fa? In ci ne, ko in bari ne?" Ya ce za a zo kansa. Har aka tashi ba a zo ba.

Da aka tafi hutu, lemon kwalba da cincin aka raba mana. Mu masu suga. Na sha kuwa, don na ɗauka tunda su suka bayar ba laifi.

Ranar ƙarshe aka ba mu riga mai tambari, aka jera mu aka ɗauki hoto. Aka ba mu na'urar awon suga babu tsinken gwajinta. Sannan aka miƙo takardar jin ra'ayi da Turanci, an riga an cike ta, aka ce mu sa hannu kawai. Na sa.

A kwana ukun nan ko sau ɗaya ba wanda ya ambaci ƙafa.

Na koma aiki da silifas. Ashe ƙusa ta soke ni a ƙafar dama, wadda nake taka birki da ita, ban ji komai ba. Wari ne ya tona. Falmata ta yi ta neman mushen ɓera a ɗaki, ashe ƙafata ce.

A asibiti na ga abin da ban so gani a jikina ba. Ruwa mai ɗoyi, nama ya yi baƙi. Kullum da safe a wanke, a yanke wanda ya mutu. Ni da kaina nake toshe hanci. Likita ya ce, "Malam Bukar, yatsu biyu za mu cire. Da ka ƙara mako, da a gwiwa muke magana."

Na ji tsoro ƙwarai. Keken nan shi ne abincin gidana. Sai da muka sayar da tumakin Falmata kafin aka yi aikin.

Abin da aka kasa koya mini a ɗakin taro, wata nas mai suna Sista Rahila ta koya mini tana naɗe mini bandeji. Ta dunƙule hannunta ta ce, "Tuwonka kada ya wuce haka. Miya ka cika, kuka ko zogale. Shayi ba suga." Ta nuna mini yadda zan duba tafin ƙafa da madubi. Ta sa na auna sugana da kaina a gabanta har na iya.

Bayan an sallame ni, wata matashiya ta zo gida, wai an turo ta bin diddigin ko bitar ta yi amfani. Ta duba takardarta ta ce, "Baba, a nan ka ce ka gamsu sosai."

Na ce, "Ba ni na ce ba, hannu kawai na sa." Na zare safa na nuna mata. Sai ta buɗe sabon shafi ta ce in fara daga farko. Na faɗa mata har lemon. Ko rahoton zai kai inda ya kamata, ban sani ba.

Yanzu ciwon ya warke, suga ya sauka, na koma tuƙi da takalmi rufaffe. Alhamdu lillahi. Falmata, Allah ya saka miki da Aljanna. Sista Rahila, na gode. 'Yan uwana direbobi da kuka riƙa leƙo ni, Allah ya bar zumunci.

Mai suga, ka duba ƙafarka kullum, har tsakanin yatsu. Kada ka yi yawo ba takalmi. Ƙaramin ciwo ma ka kai asibiti a ranar. Ka sha maganinka ko kana jin garau. In aka kira ka bita ka je, amma ka yi tambaya kan abincin da ke tukunyar gidanka, kada ka zauna sai an amsa.

Kuma kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba. Da irin sa hannuna za a je a ce shirin ya yi kyau, a kai shi wani gari yadda yake.