Anti Rigar Sanyi da Reshen da Ya Yi Shiru

"Na'urarmu ba ta buƙatar hannun ɗan Adam." Shekara ashirin da biyu Daraktan cibiyar ajiyar jini yana faɗa wa baƙi haka, yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin da Anti Rigar Sanyi take zaune.

Ɗakin ne ya ba ta sunan: na'urar ake sakar wa sanyi, ita kuma tana shan rabonta. Ƙarfe bakwai take shiga, ta ajiye filas ɗinta nesa da wayoyi, ta zauna kusa da baƙin akwatin nan mai girman firji. Daga nan take leƙa rumbunan bayanan rassa tara da ke garuruwa masu nisa, da yaren tambaya da ake kira SQL. Na'urar kan haɗa rahoto da kanta, amma Anti ba ta yarda sai ta tambayi rassan ɗaya bayan ɗaya. Ta san halin abarta: idan reshe bai amsa ba, sifili take rubutawa, kamar an duba an tarar babu.

Direban motar jini shaida ne. Wata rana da hantsi aka kira daga asibiti: mai jego tana zubar da jini, irin nata kuma mai wuyar samu ne. Rahoto ya ce babu ko ledar jini ɗaya irin nata. Darakta har ya ɗaga waya zai ba da haƙuri.

"Yallaɓai, ajiye wayar," in ji Anti. "Rassa takwas ne suka ce babu. Na tara shiru ya yi."

Ta kira ma'aikacin reshen. "Ƙanena, leƙa bayan teburinka. Me ke jone a soket ɗin na'ura?"

"Butar shayi ce, Anti."

"Zare ta, ka mai da wayar na'urar. Shayin ba zai gudu ba."

Layi huɗu na tambaya ta rubuta, leda uku ta bayyana a reshen. Matar tana nan da ranta, 'yarta har ta shiga aji uku.

Ke ce, Anti, mai jin bambancin shiru da babu. Waɗanda kika ceta ba su san ko fuskarki ba, don haka mu da muka sani muke gode miki a madadinsu. Masu zama gaban allo, ku koya daga gare ta: ku sake tambaya.

Ranar Alhamis aka yi walimar ritayarta. Darakta ya maimaita maganarsa, aka tafa. Ba a ɗauki kowa a gurbinta ba, tunda na'ura ba ta buƙatar kowa.

Litinin ce ranar da za ta tafi ganin jikanta na fari. Ƙarfe bakwai maigadin cibiyar ya gan ta da filas, waya a kunne.

"Mama, kin taso?" in ji 'yarta ta cikin wayar.

"Sati mai zuwa, in sha Allahu."

Ta sa rigar sanyinta, ta fara da reshe na ɗaya.